Ranar da Gadar Tacoma ta Murɗe

 Yau maganar ƙarfe za mu yi, dogon ƙarfe mai siririn jiki irin wanda ake ɗora wa gada ko rufin gini, da abin da ke sa shi murɗewa.

Mu je Amurka, jihar Washington. Ranar 1 ga Yuli 1940 aka buɗe gadar Tacoma, mai faɗin mita 12 kacal, alhali tsakanin ginshiƙanta biyu mita 853 ne. Ƙarfe biyu ne ke riƙe da titin a gefe da gefe, kowanne tsayinsa mita 2.4, ƙasansu a buɗe. Tun ana aikinta take rausaya idan iska ta kaɗa, har mutane kan zo musamman don su ji yadda take lilo da mota.

Ranar 7 ga Nuwamba, wata huɗu ke nan da buɗe ta, iska ta taso da gudun kilomita 65 a awa ko kusa da haka. Ba wata guguwa ba ce. Wajen ƙarfe goma na safe sai rausayar ta sauya salo: gefen dama ya ɗaga, na hagu ya nutsa, su sake musanyawa. Wani ɗan jarida, Leonard Coatsworth, yana kan gadar a mota. Ya fito, ya kasa tsayuwa, da rarrafe ya tsira, gwiwoyi duk a ƙuje. Karensu Tubby ya rage a motar. Farfesa Farquharson na Jami'ar Washington, wanda ya zo nazarin gadar, ya yi kasada ya koma ɗauko karen, shi kuwa don tsoro ya gantsara masa cizo a yatsa. Bayan kamar awa ɗaya tsakiyar gadar ya rufta cikin ruwa. Karen nan kaɗai ya rasa ransa.

To me ya jawo? Ƙarfe akwai shi, siffarsa ce matsalar. Ku ɗauki tiyon ban ruwa ku murɗa, za ku ji yana gardama. Ku tsaga shi a tsaye daga baki zuwa baki, ku sake murɗawa, sai ya bi hannu salin-alin, leɓunan tsagar suna zamewa, ɗaya gaba ɗaya baya. Wannan zamewar ita ce karkacewar da injiniyoyi ke tsoro. A lissafi, bututun ƙarfe mai faɗin santimita 10 da kaurin milimita 5, idan aka tsaga shi, taurinsa wajen jure murɗa yana raguwa kusan sau 300. Sau 300, jama'a, kuma ko giram ɗaya ba a cire masa ba. Gadar Tacoma ma haka take, ƙasanta a buɗe kamar tsagaggen bututu.

Masana sun daɗe a kan wannan. Saint-Venant na Faransa ya yi bayanin murɗa a 1855, Timoshenko ya duba ƙarfe mai siffar I a 1905, Vlasov na Tarayyar Sobiyet kuma ya fitar da littafinsa kan siraran ƙarafa a 1940, shekarar da gadar ta faɗi. Sun nuna cewa idan aka ɗaure bakin ƙarfen aka hana shi zamewa, yana ƙara tauri, amma wani sabon ja yana taruwa a wurin ɗaurin.

 A taƙaice, gadar da aka sake ginawa a 1950 an yi mata ƙashi mai zurfi wanda iska ke ratsawa. Masu walda da ke saurare, abin da ya sa ke nan ƙyauren da aka haɗa da bututu mai kusurwa huɗu ba ya saurin karkacewa kamar na buɗaɗɗen ƙarfe.