Sabuwar Jif Daga Hannun Dila Zuwa Hanyoyin Adabka

Mutumin da ya karɓi makullin sabuwar mota ƙirar jif a Kano ko Kaduna, da nufin kai ta aiki yammacin Jihar Zamfara, yakan fara jin abubuwan da ba ya zato tun kafin ya wuce Funtuwa. Motar da aka biya wa maƙudan kuɗi sai ga ta tana tsalle a kan kowane ɗan rami kamar amalanke, sitiyarinta da nauyi, cikinta kuma yana fitar da wani wari mai sa ciwon kai. Wasu sukan ɗauka an cuce su. Mafi yawan lokaci babu cuta a ciki, kowane ɗaya daga waɗannan abubuwa yana da dalilinsa na kimiyya, kuma fahimtar dalilin shi ne bambancin motar da za ta shekara ashirin tana aiki da wadda za ta kwanta a damina ta biyu.

Batun wari ba shi da wuyar bayani. Roba da gam da fenti da soson kujeru duk suna sakin wasu sinadarai masu saurin bin iska, kuma zafi yana ƙara musu sauri. A watan Afrilu, motar da aka rufe a rana cikinta kan zarce digiri 60 a ma'aunin Salshiyos. Maganin shi ne sauke gilasai na 'yan mintoci kafin a kunna na'urar sanyi. Bayan 'yan watanni warin yakan ragu da kansa.

Tsallen da motar ke yi kuwa ya fito ne daga sifirin. Irin su Land Cruiser samfurin 70, wanda kamfanin Toyota ya fara fitarwa a 1984, da Hilux da ta samo asali tun 1968, an sa musu sifirin na falle-falle a baya domin ɗaukar kaya masu nauyi. Idan babu kaya, sifirin ba ya lanƙwasawa sosai, sai girgizar ta wuce kai tsaye zuwa ƙugun direba. Da an ɗora buhunan gero biyar ko shida, sai motar ta kwanta, tafiyarta ta yi laushi. Akwai kuma iskar taya. Sau da yawa akan cika tayoyi fiye da ƙima kafin a yi jigilar mota a jirgin ruwa, don kada doguwar tsayuwa ta sa su baje ta gefe ɗaya. Wajibi ne a auna su, a daidaita da adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba.

Sabon inji ma yana bukatar lallashi. Ringin da ke jikin fistin bai gama zama daidai da bangon silinda ba, sai ya yi ta gogayya a hankali tukuna. Don haka masu ƙera motoci kan ba da shawarar cewa a kilomita 1,000 na farko a guji take totur har ƙasa, da jan tirela, da tafiya mai nisa a kan gudu ɗaya ba canji. Birki shi ma bai kan kai ga cikakken ƙarfinsa sai ya yi 'yan ɗaruruwan kilomitoci. Hanyar Funtuwa zuwa Tsafe zuwa Gusau ta isa direba ya fara wannan horo.

Amma ainihin jarrabawar tana gaba, bayan an bi ta Mayanci an kai Anka, an bar kwaltar da ta nufi Daki Takwas da Gummi, an faɗa hanyoyin burji da na ƙasa da ke shiga ƙauyukan Bukkuyum irin su Adabka. A nan ne ake gane dalilin da ya sa aka ba motar giya ta biyu.

Idan mota ta karya kwana, tayar waje takan yi tafiya mai tsawo fiye da ta ciki. A tsakiyar bakasul akwai wasu haƙora da ke ba kowace taya damar juyawa da saurinta. Dabara ce mai kyau a kan kwalta, sai dai tana da aibi guda: ƙarfin juyawar da take ba tayoyin biyu daidai yake, kuma ba ya wuce abin da tayar da ta fi rauni za ta iya riƙewa. Idan taya ɗaya ta faɗa taɓo, sai ta yi ta walwala a banza, ɗayar da ke kan tsandauri ta tsaya cik. Abin da jif ta ƙara shi ne wani ƙaramin akwatin giya da ke aika ƙarfin inji zuwa gaba da baya a lokaci guda ta farfela biyu. A cikinsa akwai giyar ƙarfi, wadda a Land Cruiser 70 ke rage gudu kusan ninki biyu da rabi, ta ƙara ƙarfin ja da daidai wannan gwargwado. Wasu motocin har da maɓallin kulle bakasul, wanda ke tilasta tayoyin biyu su juya tare.

Kuskuren da sababbin direbobi suka fi yi shi ne barin motar cikin giyar ƙafa huɗu bayan sun hau kwalta. A irin waɗannan motoci gaba da baya a ɗaure suke, alhali a kwana tayoyin gaba sun fi na baya yin nisa. A kan yashi tayoyin sukan ɗan zame, bambancin ya tafi. A kan kwalta babu zamewa, sai ƙarfen ya yi ta murɗewa har wani abu ya karye. Alamar farko ita ce sitiyari ya yi tauri, giyar kuma ta ƙi fita.

Yashin gulbi da rani wani darasi ne. Nauyin mota yana sauka ne a kan 'yan wurare huɗu da ba su fi tafin hannu da yawa ba. Idan aka rage iskar taya, wurin da take taɓa ƙasa yakan ƙara tsawo, nauyin ya bazu, motar ta daina nutsewa. Hikimar da ke tafin raƙumi ke nan. Sai dai a mayar da iskar kafin a koma gudu, domin taya mai ƙarancin iska takan yi zafi ta fashe.

Ruwa ya fi duk waɗannan haɗari, kuma yankin da Gulbin Zamfara da Gulbin Ka da rassansu suka ratsa ya san haka, ko ba a tuna ambaliyar Gummi ta watan Agustan 2024 ba. Injin dizal yana matse iska sosai, a tsohon injin 1HZ mai lita 4.2 har fiye da ninki 22. Iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Kofi guda ya shiga silinda, sai sandar fistin ta lanƙwashe nan take. Bututun nan da ake gani ya bi gefen gilashin gaba ya hau sama, aikinsa shi ne shaƙo iska daga inda ruwa bai kai ba, yana kuma rage ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska. Amma bututu ba ya hana ruwa ɗaukar mota. Tun zamanin Arkimidis aka san ruwa yana tallafar abu gwargwadon nauyin ruwan da abin ya ture, don haka mota a cikin rafi tana rasa nauyinta, tayoyinta su rasa kamu. Ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 60 yana iya tafiya da jif. Tsohon direba yakan sauka ya shiga da sanda, in ruwan ya fi ƙarfin ƙafarsa, ya jira ya janye.

Tsayin motar, wanda ke ba ta damar haye dutse da kututture, shi ne kuma ke ɗaga cibiyar nauyinta sama. Jif ta fi ƙaramar mota saurin kifewa a kwana, balle an jibge mata kaya a kan rufi. Direban da ya saba da Peugeot 504 dole ya sake koyon shiga kwana.

Wannan bayani ba na masu sha'awar motoci kaɗai ba ne. A 2010, lokacin da gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Yargalma da Bagega, ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF da irin waɗannan motoci suka riƙa shiga suna kai yara wurin magani, kuma da damina ta kankama hanyoyin da kansu sun zama cikas babba. A shekarun baya-bayan nan matsalar 'yan bindiga ta ƙara wani nauyi, domin motar da ta maƙale a taɓo da la'asar a dajin Bukkuyum ba gyara kaɗai take jawo wa masu ita ba. Saboda haka hukumar lafiya ko ta aikin gona da ta karɓi sabuwar jif ya kyautu ta fara kai direbanta wani fili mai yashi kusa da gari, ya gwada shigar da giyar ƙarfi da fitar da ita, ya san inda jak da shebur da igiyar ja suke, ya kuma koyi tsiyaye ruwan da ke taruwa a matatar mai, domin sababbin injunan dizal ba sa jure gurɓataccen man bakin hanya yadda tsofaffin suka jure.