Andrey Lavrov: Mai tsaron ragar da ya ci zinare uku ƙarƙashin tutoci uku

A tarihin ƙwallon hannu, 'yan wasa kaɗan ne suka daɗe ana damawa da su kamar Andrey Lavrov, mai tsaron ragar ƙasar Rasha. Shi ne ɗan wasa na farko da ya lashe lambar zinare sau uku a wannan fanni a gasar Olamfik, kuma kowace lamba ya karɓe ta ne ƙarƙashin tuta daban.

An haifi Lavrov a birnin Krasnodar da ke kudancin Rasha ranar 26 ga Maris, 1962. A can ya ƙware a ƙungiyar SKIF, kafin ya tafi ƙetare ya yi wa ƙungiyoyi a Jamus da Faransa da Kuroshiya wasa.

Zinarensa na farko ya zo ne a birnin Seoul a 1988, inda Tarayyar Sobiyet ta doke mai masaukin baƙi, Koriya ta Kudu, da ci 32 da 25. Kafin gasa ta gaba, ƙasar da ya wakilta ta wargaje a watan Disamba na 1991. Saboda haka 'yan wasan jamhuriyoyi 12 na tsohuwar tarayyar suka je Barcelona a 1992 a matsayin haɗaɗɗiyar tawaga ƙarƙashin tutar Olamfik, suka kuma doke Suwidin da ci 22 da 20 a wasan ƙarshe. A wannan gasa ce tawagar matan Najeriya ta halarci ƙwallon hannu na Olamfik, bayan ta zama zakarar Afirka a 1991.

Daga nan Lavrov ya ci gaba da sunan Rasha. Tare da shi ƙasar ta ɗauki kofin duniya a 1993 da 1997, da kofin Turai a 1996. A Sydney a shekarar 2000, shi aka ba tutar Rasha a bikin buɗe gasa, sannan tawagarsa ta sake doke Suwidin da ci 28 da 26. A Athens a 2004, yana da shekara 42, ya ƙara da lambar tagulla bayan nasara a kan Hangari. Idan aka haɗa da Atlanta a 1996, inda Rasha ba ta sami lamba ba, sau biyar ke nan a jere yana halartar Olamfik.

Me ya sa mai tsaron raga ke iya kaiwa wannan shekaru alhali takwarorinsa sun daɗe da ajiye wasa? Amsar tana cikin tsarin wasan. Filin ƙwallon hannu tsawonsa mita 40 ne, faɗinsa mita 20, kuma 'yan wasa shida na kowane ɓangare suna kai da komowa tsawon minti 60, ana bangazarsu, ana riƙe su, suna faɗuwa a daɓe mai tauri. Mai tsaron raga kuwa yana da yanki na mita shida wanda shi kaɗai aka yarda ya taka, don haka jikinsa ba ya shan wannan gurzar.

Sai dai aikinsa ba mai sauƙi ba ne. Ragar faɗinta mita uku, tsayinta mita biyu, ƙwallon kuma kan zo da gudun da ya haura kilomita 100 a sa'a guda, daga nisan da sau da yawa bai wuce mita tara ba. Wanda ya jira ya ga inda ta nufa kafin ya motsa, ya makara. Dole ne ya karanci kafaɗar mai jifa da wuyan hannunsa, ya san ɗabi'arsa, ya kuma tsaya inda zai ƙuntata masa kusurwa. Wannan sani kuwa shekaru ne ke ƙara shi, har ya cike giɓin zafin naman da tsufa ke ragewa.

Abin da ya biyo baya ya tabbatar da haka. Thierry Omeyer na Faransa ya tsare raga har ya haura shekara 40. Katrine Lunde ta Nowe ta ci zinarenta na uku a Paris a 2024 tana da shekara 44.

Tarihin zinare uku na Lavrov ya tsaya shi kaɗai shekara 21, sai a gasar Tokyo da aka yi a 2021 Nikola Karabatic da Luc Abalo da Michael Guigou na Faransa suka kamo shi. Dukansu ƙasa ɗaya suka yi wa wasa daga farko har ƙarshe.