A Nemi Ruwa Kafin A Sayi Kifi

Duk wanda ya bi hanyar Dambatta, ko Bichi, ko Minjibir ya san yadda ƙasar nan ta ke. Gona na jikin gona, an raba gado an sake rabawa, har wani magidancin ba ya noma abin da zai ci da iyalinsa shekara. Damina kuwa ba ta wuce wata huɗu ko biyar. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da mutane su ka ji cewa ana kiwon tarwada a fili kamar na ɗaki guda, sai manoma da 'yan kasuwa da malaman ofis su ka shiga gina tanki a tsakar gida. Sana'a ce mai kyau, amma masu asara a cikinta suna da yawa, kuma galibi abu ɗaya ke ka da su, watau ruwa.

Kiwon kifi ba baƙon abu ba ne a Arewa. Tun cikin 1951 aka buɗe gonar kifi ta Panyam a ƙasar Filato. A nan Kano kuma, aikin madatsun ruwa da aka soma zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, ya kawo wa masunta wurin kamu, irin su Tomas kusa da Dambatta da Watari a ƙasar Bagwai. To, amma kifin madatsa Allah ke sake masa ruwa. Na tanki kuwa, kai mai gida kai ne kogin, kai ne daminar.

Ga lissafi, kowa ya duba. Tanki mai tsawon ƙafa 10, faɗi ƙafa 6, in aka zuba masa ruwa zurfin ƙafa 3, ya kan ci lita wajen 5,000, watau jarka 200 mai lita 25. In kifi ya fara girma, lalle ne a riƙa zubar da sulusin ruwan ana sake sabo bayan kwana biyu ko uku, ƙusan jarka 70 ke nan kowane karo. Da kifin ya ƙasaita sai abin ya koma kullum. Wanda ya ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa ya buga wannan lissafi har wata shida, sa'an nan ya gaya wa kansa gaskiya. In ba ka da rijiya wadda ba ta ƙafewa da bazara, ko burtsatse kusa, gara ka sa kuɗinka a tumaki.

Me ya sa sai an sake ruwan? Kifi a cikin ruwan nan ya ke ci, a ciki ya ke kashi. Kashin da sauran abincin da ya nutse su kan ruɓe su zama guba wadda ido ba ya gani, ta ƙona masa marfin numfashi. Mutane kan ce ai tarwada ba ta mutuwa, tun da ana tono ta da rai daga laka in kududdufi ya ja baya. Gaskiya ne tana da wata halitta a cikin kai wadda ta ke shaƙar iska da ita kamar mu, shi ya sa ta fi karfasa jimiri a tanki. Amma jimiri dabam, girma dabam. Tarwadar da ke cikin ƙazamin ruwa za ta daina ci, ta tsaya a tsaye baki sama, jiki ya fito da miki. In ka ga haka, ko ka ji ruwan na wari, kada ka ruga neman magani tukuna. Tsai da abinci yini guda, ka sake ruwa.

Wajen gini, a sa tankin a inuwa, a yi wa daɓensa gangare zuwa gefe ɗaya, a sa bututun fitar da ruwa a can ƙasa inda datti ke taruwa. Sabon siminti yana da kaifi mai kashe kifi. Sai a cika tankin a bar shi mako biyu, ana zubarwa ana wankewa, kana a gwada da kifi biyar ko shida su kwana uku kafin a zuba sauran. Wanda ke gidan haya ya nemi na roba ko na tamfal, gama in ya tashi sai ya naɗe abinsa. A rufe saman da raga saboda tsuntsaye, a kuma yi masa tsari saboda yara. Ruwan ƙafa uku ya isa ya halaka yaro. Ruwan famfo kuwa akwai magani a cikinsa, a bar shi ya kwana a buɗe kafin a zuba. Turawan Ingila da ke ajiye kifi masu launi a akwatin gilashi don ado, tun da aka buɗe gidan kallon kifi a gidan namun daji na Landan cikin 1853, su ma wannan doka su ke bi.

Sabon shiga kada ya wuce kifi 200 a tanki irin wanda mu ka ambata. Mai sayar da iri zai ce maka ya ɗauki 500. I, ya ɗauka, amma ba shi zai ɗebo ruwan ba. A sayi 'ya'yan da su ka yi kamar tsawon yatsa, masu kai ɗaya, a ɗauko su da sanyin safiya. Da an iso gida kada a juye su haka nan, a riƙa ɗiba daga ruwan tanki ana ƙarawa a mazubinsu kaɗan kaɗan har su saba. Bayan kowane mako biyu a tace a ware manya, don tarwada tana cin 'yar'uwarta. Mutum ya zuba 200, ran kamu ya tarar da 120, ya ce maƙwabci ya yi masa sata, alhali ɓarawon na cikin tanki.

Abinci shi ke cinye fiye da rabin kuɗin sana'ar. Kifin da zai kai kilo guda ya kan ci abincin buhu kilo guda ko fiye da haka kaɗan, watau kifi 200 za su ci buhu 14 zuwa 16 mai kilo 15. A ba su safe da yamma, a yi ta watsawa kaɗan kaɗan, da sun rage warwaso a tsaya. Dusa da sauran tuwo ba sa ƙosar da tarwada, sai dai su ɓata ruwa.

Sa'an nan a lura da lokaci. Tarwada ta fi son ruwa mai ɗumi, digiri 25 zuwa 30. Da hunturu, a watan Disamba da Janairu, sanyin dare a ƙasar Kano ya kan sauka ƙasa da digiri 15, kifi ya daina ci, ƙanana su yi ta mutuwa. A lokacin nan a rufe tanki da leda ko zana da dare, a rage abinci, a sake ruwa da hantsi daga rijiya, gama ruwan rijiya ya fi na tanki ɗumi. A ganinmu wanda ya zuba iri a farkon damina ya fi kowa dabara, don zai kama kafin sanyi ya kankama.

Ruwan da aka zubar kada a sake shi a lungu ya zama gidan sauro da rigima da maƙwabta. Taki ne sosai. A ja shi zuwa 'yar fadamar bayan gida, a dasa zogale da alayyafo da tumatir. Kuma tun kifi na wata huɗu a fara magana da mai saye, ko dillalan kasuwar Galadima a Kano, ko masu gashin kifi na gari. Abin da ya ragu a yi banda, ya jira ranar kasuwa.