Sunan Tauraro a Kan Jariri: Dalilai da Abin da Ke Biyo Baya

Sanya wa yaro sunan fitaccen ɗan wasa ba sabon abu ba ne a duniya. Cristiano Ronaldo, wanda aka haifa a 1985, ya sami sunansa ne daga Ronald Reagan, jarumin fim ɗin da mahaifinsa ke so. A ƙasar Hausa ma ɗabi'ar ta shigo, amma ta wata ƙofa daban.

Bahaushe ba ya yarda a raɗa wa ɗansa sunan da liman zai yi turus a kansa ranar suna. Don haka tasirin taurari ya bi hanya biyu. Ta farko ita ce laƙabi, kamar yadda aka daɗe ana kiran Adam A. Zango da Usher, sunan mawaƙin Amurka, ko yadda yaro mai barkwanci a unguwa ke zama Ibro. Ta biyu ita ce zaɓe cikin sunayen Musulunci. Uwar da ke bibiyar shirin Labarina na Aminu Saira tana iya cewa Sumayya take so, sunan da jarumar shirin ta fito da shi, kuma babu mai ja da ita, tunda sunan sahabiya ne.

Dalilan a fili suke. Finafinan Indiya sun daɗe a gidajenmu, Kannywood ta biyo baya, yanzu kuma Arewa24 da YouTube sun kai tauraro har uwar ɗaka. Ga shi ma'auratan birni sun fara zaɓen suna da kansu, ba sai kakanni sun yanke ba.

Abin da ake rasawa shi ne takwara. A da, idan aka mayar da sunan kaka, sai a kira yarinya Ummi, yaro kuma Abba, saboda alkunya. Wannan suna yana ɗaure zumunci, takwara kuma yana jin nauyin yaron a wuyansa. Tauraro kuwa bai san an yi ba. Sannan ɗaukaka tana dusashewa, wani ma abin kunya ya biyo bayanta, yaro kuwa yana nan da sunan har tsufa.

Son gwani ba laifi ba ne. Amma kafin a yanka rago, iyaye su duba ma'anar sunan da halin mai shi, domin suna na cikin haƙƙoƙin farko da ɗa yake da su a kan mahaifansa.