Yisti a Cikin Ganga: Darasin Kimiyya Daga Wata Masana'anta a Ingila

A ƙauyen Hook Norton da ke gundumar Oxfordshire ta ƙasar Ingila, akwai wata ƙaramar masana'antar giya wadda aka kafa tun 1849. Mun san matsayin giya a addini da al'adar yawancin masu karatunmu. Abin da ya kai mu can shi ne yisti, wato halittar nan mai ƙwaya ɗaya wadda ke kumbura burodi, da yadda ake sarrafa rayuwarta.

Ginin masana'antar dogo ne mai hawa-hawa. Akan ɗaga ruwa da hatsi zuwa can sama, sa'an nan su riƙa gangarowa daga wannan tukunya zuwa waccan da nauyin kansu. Har yanzu injin tururin da aka girka a 1899 yana nan a wurin.

Aikin yakan fara ne da tsiron sha'ir wanda aka busar aka ɓarza. Sai a dama shi da ruwan zafi mai kimanin digiri 65 a ma'aunin Salshiyas. A wannan zafi ne sinadarin amiles da ke cikin tsiron yake farfasa sitaci ya mai da shi sukari. Duk wanda ya ga yadda tsiro ke tsinka kunun zaƙi ya kuma ƙara masa zaƙi, to ya ga irin wannan aiki. Daga nan sai a tace ruwan, a tafasa shi kamar awa guda tare da furen wata shuka mai suna hof, wanda ke sa ɗaci, ya kuma hana wasu bakteriya yaɗuwa. In ya huce zuwa wajen digiri 20, sai a zuba yisti. Cikin 'yan kwanaki yisti yakan cinye yawancin sukarin, ya fitar da barasa da iskar kabon dayokzayid.

A nan ne giyar ganga ta sha bamban da mafi yawan giyar manyan kamfanoni. Su sukan tace yistin, su ɗumama giyar don kashe ƙwayoyin da suka rage, su cusa mata iska daga tukunyar gas. Ita kuwa ta ganga, da yistinta mai rai ake ɗura ta, galibi a gangar galan 9, wato kusan lita 41. Akan ƙara wani sinadari da ake samu daga jakar iskar cikin kifi, wanda ke janyo yistin ya kwanta a ƙasa. Yistin yakan ci gaba da aikinsa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na mashaya, inda ake riƙe sanyi tsakanin digiri 11 da 13.

Sai dai da zarar an buɗe ganga, iska ta shiga. Cikin kwana uku ko huɗu bakteriyar Acetobacter za ta iya juya barasar ta koma ruwa mai tsami, duk wahalar ta tafi a banza. Louis Pasteur ya bayyana wannan matsala ta ɓacin giya a littafinsa na 1876, inda ya nuna cewa baƙin ƙwayoyin halitta ne sanadi.

Ɗalibi zai iya ganin aikin yisti da idonsa. A zuba yistin burodi da sukari a ruwan ɗumi cikin kwalba, a ɗaure balan-balan a bakinta. Kafin awa guda za a ga ta fara kumbura.