"Sake faɗa" ko "Watau kana nufin": hanya biyu ta neman ƙarin bayani da Turanci

Mai koyon Turanci ya fi tsoron a ce bai gane ba fiye da tsoron kuskuren nahawu. Shi ya sa za ka ga ɗalibi a gaban malami, ko sabuwar ma'aikaciyar jinya a wani asibitin Ingila, suna gyaɗa kai suna cewa "Yes" alhali maganar ta wuce su. Kunya ce ke jawo haka, ita kuwa kunya a irin wannan wuri tana da tsada. Turanci yana da hanya biyu ta ladabi da mutum zai fita daga wannan ƙunci, kuma ba ɗaya suke ba.

Ta farko ita ce a roƙi mai magana ya maimaita. A nan ake samun "Sorry?" da "Sorry, I didn't catch that" da "Could you say that again, please?" Ita ce ake fara koyarwa a makaranta, kuma tana da sauƙi, domin daidai take da "Na'am?" ɗinmu idan babba ya yi magana ba mu ji ba. Sai dai Turawa kansu ba su daidaita a kan wacce ta fi ladabi ba. A 1954 Alan Ross, masanin harshe a Jami'ar Birmingham, ya rubuta cewa masu sarauta da manyan gida a Ingila "What?" suke cewa, "Pardon?" kuwa ta masu matsakaicin hali ce. Marubuciya Nancy Mitford ta yayata batun a 1955. Ban ba baƙo shawarar ya kwaikwayi manyan gidan ba, don "What?" tsirararta a bakin wanda ba a sani ba kamar tsawa take fita. "Sorry?" ta fi zama lafiya a ko'ina.

Illar wannan hanya ita ce tana ɗora wa mai magana kayan gaba ɗaya. Bai san inda ka ɓace ba, saboda haka zai sake jero maka jimlar yadda take, wataƙila da ƙarin ƙarfin murya. In matsalar hayaniya ce ko layin waya, shi ke nan, an gama. In kuwa ma'anar ce ta kufce maka, ko sau uku ya maimaita kana nan inda kake, kuma a na ukun fuskarsa ta fara sauyawa.

Hanya ta biyu ita ce ka faɗi abin da ka fahimta, ka bar masa gyara: "Just to make sure I've understood, the form goes in before Friday?" ko "Do you mean this week or next?" Ga alama ta fi wuya, tunda sai ka haɗa jimla da kanka. Amma ita ce ke nuna wa mutum cewa kana tare da shi, kuma amsar da yake buƙatar bayarwa yawanci ba ta wuce e ko a'a ba. Wani bincike da Mark Dingemanse da abokan aikinsa suka wallafa a 2015 ya duba hirar yau da kullum cikin harsuna 12, ya gano cewa kusan kowane minti ɗaya da rabi wani yakan tsai da magana don neman gyara, kuma mutane sun fi zaɓar tambayar da ta nuna takamaiman wurin matsalar idan suna da halin yin haka. Ashe tambaya ba alamar rauni a harshe ba ce, 'yan harshen ma haka suke yi dare da rana.

Inda rai ke cikin haɗari, an riga an yanke hukunci tsakanin hanyoyin nan. Matuƙin jirgin sama yana da "Say again" idan bai ji ba, amma doka ta wajabta masa ya karanto muhimmin umarni ga jami'in hasumiya yadda ya ji shi. Asibitoci da yawa a Amurka suna koya wa ma'aikatansu su sa majiyyaci ya faɗi da bakinsa yadda zai sha magani, maimakon a tambaye shi ko ya gane. Duk da haka karantowar ba ta da amfani in mai sauraro bai tsaya ya auna ta ba. Ranar 27 ga Maris 1977, a filin jirgin Los Rodeos da ke tsibirin Tenerife, cikin hazo mai kauri, mataimakin matuƙin KLM ya karanto umarnin da aka ba shi, ya rufe da "We are now at takeoff". Jimlar tana iya nufin suna tsaye a wurin tashi, tana kuma iya nufin sun fara gudu. Jami'in hasumiya ya ɗauki ma'ana ta farko ya ce "OK", sauran maganarsa kuma ta haɗu da kiran wani jirgin Pan Am ta dushe. Jiragen biyu suka yi karo, mutum 583 suka rasu. Bayan haka aka taƙaita kalmar "takeoff" ga lokacin ba da izinin tashi ko soke shi kawai.

Ita ma hanya ta biyun tana da nata tarko. "So you're saying..." takan zama makamin gardama, a cusa wa mutum abin da bai faɗa ba, kuma Baturen da ya saba jin ta a muhawarar talabijin zai iya ɗaure fuska tun kafin ka ƙarasa. Maganinta shi ne ka jawo shakkar kanka: "If I've understood you correctly" ko "Let me check I've got this right". Da haka ka nuna cewa fahimtarka ce ake dubawa, shi ba a tuhumarsa da komai.

Ni dai ta biyu nake so malamanmu na Turanci su fi ba lokaci, domin ta farko ɗalibi zai tsince ta ko a fim. A sa yara su riƙa gwada ta bibbiyu a aji: ɗaya ya ba da kwatancen hanya ko umarnin cika takarda, ɗayan ya mayar masa da abin da ya ji, sannan a duba inda aka sha bamban. Wanda ya saba da haka, ranar da likita a Manchester ya ce masa ya sha ƙwaya biyu, zai iya tambaya ko biyun a lokaci guda ake nufi ko safe da yamma.