Shanya a cikin ɗaki lokacin sanyi: abin da ya kamata iyali su sani

 A wannan makon za mu tattauna kan aikin da kusan kowane gida ke yi ba tare da an ɗauke shi abin damuwa ba, wato shanya kayan wanki a cikin ɗaki idan sanyi ko damina ya hana a shanya a waje.

Uwargida, idan kina zaune a Agege ko Idi-Araba a Legas, ko Sabo a Ibadan, ko Fatakwal, kin san yadda watannin Yuni da Yuli suke. Ana iya kwana uku a jere rana ba ta leƙo ba, ga kayan makarantar yara, ga zannuwan gado, ga kayan jariri da ba sa ƙarewa. Idan kuma a Jos kike, matsalar takan zo sau biyu a shekara: hadarin Agusta, da kuma hunturun Disamba da Janairu, lokacin da ake rufe ƙofa da taga saboda sanyi da ƙura. Ga shi yawancin gidajen haya igiyar shanya ɗaya ce ake rabawa da maƙwabta, wani wurin ma tsoron ɗauke kaya kaɗai ya isa ya sa a kwashe su da wuri. Don haka sai a ɗaura igiya a ɗakin kwana, a rataye wasu a kan ƙofa da kujeru.

Ba zan ce miki ki daina ba, domin wani lokacin babu yadda za ki yi. Abin da ya kamata ki sani shi ne inda ruwan kayan yake tafiya, da wanda yake cutarwa, da yadda za ki rage illar.

Ina ruwan yake tafiya?

Wanki ɗaya na iyali, ko da injin wanki ya matse shi, yakan rage da ruwan da ya kai lita 2 a jikinsa. Wanda aka matse da hannu ya fi haka. Wannan ruwan ba ɓacewa yake yi ba, iskar ɗaki yake shiga.

Ita kuwa iska tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka. Ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 3 da tsayin mita 3, idan zafinsa ya kai digiri 30, iskar cikinsa gaba ɗaya ba za ta riƙe ruwan da ya wuce kusan lita 1 ba. Idan ɗakin ya yi sanyi zuwa digiri 20, abin da za ta riƙe bai kai kashi biyu cikin uku na lita ba. A damina kuma iskar Legas da Fatakwal ta riga ta cika da danshi, yakan haura kashi 80 cikin 100, saboda haka ɗan gurbin da ya rage mata kaɗan ne.

To idan an rufe ƙofa da taga, sauran ruwan sai ya sauka a kan bango mai sanyi da gilashin taga, ya shiga katifa da matashin kai da labule da kafet. Shi ya sa za ki ga kaya sun kwana biyu ba su bushe ba, sun soma tsami, ɗakin kuma ya ɗauki wani wari. Bayan ƴan makonni sai baƙin tabo ko kore ya fito a bayan wadirof ko a kusurwar silin, takalman fata kuma su yi fari-fari. Fumfuna ke nan.

Su wa abin ya fi shafa?

A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan danshi da fumfuna a cikin gidaje. Abin da ta tabbatar shi ne mazauna gidaje masu danshi sun fi fama da tari, da shessheƙar numfashi, da cututtukan hanyar numfashi, da tashin asma.

Dalilai biyu ne manya. Na farko, fumfuna tana watsa ƙananan ƙwayoyi a iska waɗanda ido ba ya gani, ana shaƙar su dare da rana. Na biyu, akwai wasu ƙananan ƙwari da ke rayuwa a cikin katifa da ƙurar gida, su ma ido ba ya ganin su. Ba sa shan ruwa, daga danshin iska suke samun abin da suke buƙata, don haka suna hayayyafa sosai a ɗaki mai laima. Kashinsu na cikin manyan abubuwan da ke tayar da asma da atishawa da ƙaiƙayin ido da na hanci.

Mai lafiya ƙalau jikinsa yakan kawar da waɗannan ƙwayoyi ba tare da ya sani ba. Waɗanda ya kamata a kiyaye su ne jarirai da ƙananan yara, tsofaffi, masu asma, da masu raunin garkuwar jiki, kamar masu ɗauke da cutar ƙanjamau ko masu karɓar maganin daji. Akwai kuma rukunin da ba a cika tunawa da su ba: waɗanda suka taɓa yin tarin fuka, wato tibi, suka warke. Tibi yakan bar kogo a huhu, kuma wata irin fumfuna da ake kira Asfajilus tana iya zama a cikin kogon ta yi girma. Mutum sai ya koma tari da rama, wani lokaci har da jini, a ɗauka tibin ne ya dawo. Nijeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tibi a duniya, don haka wannan ba labarin wata ƙasa ba ne.

Ko a ƙasashen da suka ci gaba abin yakan kai ga rasa rai. A garin Rochdale na Ingila, wani yaro ɗan shekara 2 ya rasu a watan Disamba na 2020, kuma binciken shari'a a 2022 ya gano cewa daɗewa yana shaƙar fumfuna a gidan hayarsu ne sanadi. Binciken ya nuna gidan ba shi da isasshiyar hanyar fitar iska, kuma iyayen sun sha kai ƙorafi. Darasin da ke ciki shi ne ba kowane danshi ne laifin mai shanya ba. Idan rufi na yoyo ko bango na tsotsar ruwa daga ƙasa, gyaran mai gida ne, kuma ya kamata maigidanki ya matsa a yi.

Fata ma tana da nata rabon. Kamfai, safa, ɗan tofi ko kunzugun jariri da aka sa ba su gama bushewa ba suna riƙe laima a matse-matsi da hammata da tsakanin yatsun ƙafa, inda makero da ire-irensa suke jin daɗin yaɗuwa.

Dabarun da suka fi danshin haɗari

Don gudun kada kaya su ƙi bushewa, wasu kan ɗauki matakan da illarsu ta fi ta danshin sauri.

Na farko shi ne shigo da kurfoti ko kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa, don ɗakin ya yi ɗumi kayan su bushe. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana farawa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sannan ta sa barcin da ba a farkawa. Haka janareta idan aka ajiye shi a baranda ko kusa da taga don a kunna fanka. Idan mutum biyu ko fiye a ɗaki ɗaya suka soma ciwon kai lokaci guda, a fito da kowa waje nan take, a buɗe ƙofofi, a nufi asibiti.

Na biyu shi ne rataye kaya a saman risho ko kukar gas ko hita. Atamfar roba da leshi da mayafai na zamani ba sa ɗaukar lokaci wajen kamawa da wuta, kuma yadi idan ya bushe yakan zame daga igiya.

Na uku shi ne turara kaya masu danshi da turaren wuta a kan kabbasa don a kashe tsami. Turare ƙamshi yake ƙarawa, ba ya busar da kaya kuma ba ya kashe fumfuna. Hayaƙinsa a rufaffen ɗaki yana tayar wa mai asma da ciwo. A bari kayan su bushe tukuna, a turara a wuri mai iska, nesa da jariri.

Na huɗu, wanda nake so kowace mai jego ta riƙe, shi ne zuba ƙwallon kafur a akwatin kayan jariri don hana wari da ƙwari. Yawancin waɗannan fararen ƙwallaye sinadarin naftalin ne. Yara da yawa a Nijeriya, musamman maza, ana haifar su da ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD, kuma iyaye ba sa sani. Irin wannan jariri idan naftalin ya shige shi ta fata ko numfashi, jajayen ƙwayoyin jininsa sukan fashe, shawara mai tsanani ta kama shi, har ta iya taɓa ƙwaƙwalwa. Kada kafur ya kusanci kayan jariri ko ɗakin da yake kwana. Idan idonsa ko fatarsa ta yi rawaya, a kai shi asibiti a ranar.

Yadda za ki shanya a ciki ba tare da cutarwa ba

Abin da ke busar da kaya shi ne motsin iska da kuma hanyar da danshin zai fita. Duk dabarar da za ki bi ta tsaya a kan waɗannan biyun.

Ki rage ruwan tun kafin ki shanya. Idan kina da injin wanki, ki sake kunna matsewa karo na biyu. Idan da hannu ne, ki shimfiɗa kayan a kan busasshen tawul, ki naɗe, ki murɗa sosai. Wannan yana taimakawa ƙwarai ga kayan makaranta da ake buƙata washegari.

Ki daina tara wankin mako guda zuwa Asabar a wannan lokaci. Wanki kaɗan sau uku a mako ya fi tulin wanki sau ɗaya, domin ruwan da ɗaki zai fitar a rana ɗaya ya ragu. Barguna da manyan zannuwan gado a jira ranar da gari ya washe, ko a kai wa masu wanki da guga.

Ki zaɓi wuri ɗaya. Baranda mai rufi ta fi ko'ina, sai falo ko banɗaki mai taga. A buɗe tagar wurin, a rufe ƙofar da ke tsakaninsa da ɗakunan kwana. Idan ɗaki ɗaya kuke da shi, ki yi wanki da sassafe, ki shanya da rana taga da ƙofa a buɗe, kafin a kwanta a fitar da abin da bai bushe ba zuwa baranda ko kicin.

Ki bar tazarar tafin hannu tsakanin kaya, kada ki ninka ɗaya a kan ɗaya, riguna kuma a sa su a hanga. Idan akwai wuta, ki juya fanka ta fuskanci kayan. Fanka da taga a buɗe sun fi ɗaki mai ɗumi a rufe busar da kaya. Mai na'urar sanyaya ɗaki ya sani ita ma tana zuƙe danshi daga iska, shi ne ruwan da ake gani yana ɗiga a bayanta.

A hunturu lamarin ya fi sauƙi, domin iskar kanta busasshiya ce. A Jos da Abuja, buɗe taga na ƴan sa'o'i da tsakar rana, lokacin da sanyi ya ragu, ya isa ya kwashe danshin. Kuskuren shi ne toshe ko'ina dare da rana.

Ki goge kayan ciki da na yara da dutsen guga mai zafi kafin a sa ko a ninke. Guga tana ƙarasa busarwa. Tana kuma kashe ƙwan wani ƙuda da ke yawa a yankunan kudu, wanda ke zuba ƙwai a kan kaya masu danshi da aka shanya a inuwa ko a ƙasa, tsutsarsa ta shiga fata ta yi ƙurji kamar maruru. Kada ki saka kaya a wadirof sai kin tabbatar ƙugu da aljihu da wuyan riga sun bushe.

Ki janye gado da wadirof kaɗan daga jikin bango. Duk ranar da aka samu rana, a fitar da katifa da matasan kai.

Idan fumfuna ta riga ta fito

Kada a share ta da busasshiyar tsintsiya, hakan watsa ta yake yi a iska. A buɗe tagogi, a sa safar hannu da takunkumi, a goge da ruwan omo, sannan a bi da bilic da aka sirka da ruwa yadda aka rubuta a jikin robar. Kada a taɓa haɗa bilic da maganin wanke masai, haɗin yana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu. Mai asma da mai juna biyu kada su yi aikin, yara kuma a fitar da su har wurin ya bushe. Shafa fenti a kan fumfuna ɓoye ta kawai yake yi.

Kafin a sayi magani

A wannan lokaci mukan ga iyaye suna dawowa shagon magani kowane mako neman maganin tari da na mura. Idan tarin yaro yana tashi da dare ko da asuba, yana sauƙi idan ya tafi makaranta ko aka yi tafiya, to a dubi ɗakin da yake kwana. Maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su amoksisilin ba ya maganin tarin da danshi ya tayar, sai dai ya sa maganin ya daina aiki ranar da ake buƙatarsa.

Mai asma da ya ga yana shaƙar salbutamol ɗinsa fiye da sau biyu a mako, ko ciwon na tashinsa daga barci, ya koma wurin likita a duba tsarin maganinsa. Tarin da ya kai mako biyu a je a yi gwajin tibi, kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da ke kula da cutar. Wanda ya taɓa warkewa daga tibi ya gaya wa likita tarihinsa, ya kuma ambaci danshin gidan. Yaron da ke numfashi da sauri, haƙarƙarinsa na lotsawa, ko ya kasa shan nono, asibiti za a kai shi ba tare da jira ba.

Ga ƙaiƙayin matse-matsi da makero, a guji man shafawa mai haɗin magunguna uku ko huɗu da ake sayarwa barkatai. Sinadarin sitiroyid da ke cikinsa yana kwantar da ƙaiƙayi na ƴan kwanaki, amma cutar sai ta ƙara faɗi. A nuna wa likita ko ƙwararren mai harhaɗa magunguna ya zaɓi wanda ya dace.

Maigida, kai ma akwai naka aikin: ɗaura ƙarin igiya a ƙarƙashin rufin baranda, gyara tagar da ta daina buɗewa, da bin mai gida a kan yoyo. Duk ba su kai kuɗin jinyar mako ɗaya ba.